Koriyar Tutar Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, wani kafin wani. Kawu ya riga mu. Ya rasu a gidansa da ke Nguru wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara. Kafin motar da na hawo daga Gashua ta iso, har an sallace shi an kai shi. Ina rubuta wannan ne don kada nan da 'yan shekaru a riƙa cewa "tsohon nan mai kwamfutoci" a wuce, alhali ya fi ƙarfin haka.

Ƙofar gida cike take. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun jeru a tabarma ɗaya, kowa da sandarsa. Ina wucewa na ji ɗayansu, wanda direban jirgi ne a da, yana cewa, "Duk shekarun da na yi ina shigo da jirgi garin nan, in dai shi ne a bakin aiki, ban taɓa tarar da tasha ba mutum ba." Masu banda na kasuwar kifi sun rufe rumfunansu sun zo. A cikin gida wata tsohuwa maƙwabciya tana kuka tana cewa yanzu wa zai riƙa yi wa jikokinta faɗa in sun dawo daga wanka a tafki. Can jikin bango kuma masu shagunan kwamfuta na gari suna tsaitsaye, ba su zauna ba, ba su tafi ba. Ɗayansu ya matso ya yi mini gaisuwa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malama, to yanzu ya ke nan? Mu ci gaba ko mu kashe?"

Ni kuwa idona yana kan wata ƙusa da ke jikin ƙofar ɗakin zaure. Shekara da shekaru ƙusar nan ba ta rabuwa da tuta. In kwamfutocin da ke ɗakin suna aiki, koriya ce a rataye. In sun tsaya, ja. Tutocin na reluwe ne, da su Kawu ya dawo gida ranar da ya yi ritaya daga shugabancin tasha. Ran nan jar tana ninke bisa taga, koriyar kuwa babu ita, ƙusa tsirara. Na kasa kunne, sai na jiyo gunjin fankokin na'ura daga ciki. Ba a kashe ba tukuna.

Ga wanda bai san abin ba, wani shiri ne da masu binciken magunguna na wata ƙasa suka kafa. Neman sabon magani yana cin lissafi mai yawan gaske: a ɗauki siffar sinadari a gwada a jikin siffar ƙwayar cuta a ga ko za ta kama, kamar mai gwada makullai a kwaɗo. Kwamfutocinsu ba za su iya su kaɗai ba, sai suka roƙi duniya, duk mai kwamfutar da ke zaune ba ta komai ya ba da aronta. Su turo guntun aiki ta intanet, ta lissafa ta mayar, su turo wani. Aikin sa kai ne zalla. Kawu shi ne jagoran masu yin sa a Nguru, kuma wallahi rabinsu don kunyarsa suke yi. Da safe kan hanyar shago kowa sai ya kalli ƙusar nan.

Ban gama gaisawa da mata ba aka ce Yaya yana kirana. Yaya shi ne babban ɗan Kawu, yana aiki a Damaturu. Ni da shi taubasai ne, tun muna yara ba abin da ba na iya gaya masa. Amma ran nan fuskarsa ba ta wasa ba ce.

Ya ce, "Na san abin da kike kallo tun shigowarki. Za a kashe su."

Na ce, "Haba Yaya! Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

"Dubi zafin nan. Tsofaffi cike da gida, fanka ɗaya ke juyawa, ba ruwan sanyi, duk wutar sola tana ɗakin can. Shekara nawa Iya tana fama, firjinta a kashe? Akwai makarantar da ke so, na yi magana da su. Bayan addu'ar uku mota za ta zo."

Na ce, "In suka fita daga ɗakin nan, duk garin zai kashe. Ka sani."

Ya ce, "Ni ma ɗansa ne, na san dokarsa kamar yadda kika sani. In Baba ya miƙa wa wani tutar, mutumin ya fito ya faɗa, ni ba zan taɓa komai ba. In bai miƙa wa kowa ba, to da kansa ya rufe tasha. Ya miƙa miki?"

Na ce a'a. Ya ce, "To."

Ni na kawo abin nan gidan, shi ya sa ya tsaya mini a wuya. Ina kwaleji na ji labarinsa, na sa a 'yar kwamfutata. Da na zo hutu Kawu ya ji tana gunji ni kuma ina can ina tankaɗe. Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "abin nan naki yana aiki ba ke, ko aljani ne a ciki?" Na yi dariya na yi masa bayani. Ya ce wace cuta ake nema wa maganin. Na lissafo masa, na ce har da tsargiya. Sai ya daina murmushi.

Mahaifina masunci ne daga wajen Katuzu. Tun yana yaro yake fitsarin jini, wato tsargiya, kuma a lokacin ba a ɗauke shi cuta ba, wasu ma cewa suke alamar girma ce. A hankali ta cinye shi ta ciki, ciki ya kumbura, ya yi ta aman jini. Kawu, wan mahaifiyata, shi ya ɗauko shi a bayan a-kori-kura zuwa asibiti, a kan cinyarsa ya cika. Shi ya riƙe ni daga nan har na zama mutum. Na ce wa Kawu ai yanzu akwai magani, har rabawa ake a makarantu. Ya ce, "Na sani. A sha, damina ta dawo, yara su koma ruwa, ita ma ta dawo. Gara a nemo masa ɗan'uwa tun bai gaji ba. Nawa ake sayar da tsohuwar kwamfuta?"

Daga ɗaya suka zama ɗaki guda. Wannan ya kawo wadda ya daina amfani da ita, wancan ya kawo wadda aka gyara. Ya bi shagunan gari ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, ba ya roƙo, zama kawai yake ya yi ta hira har mai shago ya gaji ya ce a sa masa. A Gashua kuma amininsa, wani tsohon malamin asibiti da muke kira Alhaji, ya tara nasa mutanen.

Kawu yadda ya riƙe tasha haka ya riƙe ɗakin nan. In zai yi tafiya, ko Dapchi ce za shi cin kasuwa ya dawo, sai ya kira wanda zai tsaya masa. Su tsaya a bakin ƙofa, ya ciro tuta ya miƙa, amma ba zai saki ba sai ka ce "na karɓa" da bakinka. Gyaɗa kai ba ya yi. An taɓa ɗaurin auren jikar ƙanensa, mota ta cika tana jira, wanda zai karɓa bai iso ba. Aka yi hon, aka yi roƙo, har aka yi fushi aka tafi aka bar shi zaune a zaure da babbar riga. Da na yi masa tsiya sai ya ce, "Uwata, a reluwe ba agogo ke sallamar mutum ba. Mai karɓa ke sallamarsa."

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa taɓa tutar nan ba: Iya, matarsa. Iya ƙanƙara take sayarwa da zoɓo, kuma a Nguru da bazara wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. In la'asar ta yi batir ya fara ja baya, Kawu zai lallaɓa ya zare firji ya bar wa kwamfutoci. Ta ba su suna "baƙin Malam da ba sa tafiya". Na sha jin su.

"Malam, ni da ƙarfe wa ya fi buƙatar wuta a gidan nan?"

"Ke mai ƙishi kike wa aiki, su marar lafiya suke wa."

"Wane marar lafiyar? Nuna mini mutum ɗaya da suka warkar. Ɗaya tak!"

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba tukuna."

"Ba tukuna! Zoɓona kuma ya yi tsami tuni."

Ranar da aka bar shi a zaure da babbar riga, ya leƙa ciki ya ce ko za ta riƙe masa tutar zuwa gobe. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe mini." Ta juya ta ci gaba da ƙulla leda.

Jarrabawar da ta fi girgiza shi ba daga gida ta zo ba. Akwai wata likita a cikin masu shirin, ita ke rubuto wa 'yan sa kai labarin inda aka kwana. Kawu bai taɓa ganinta ba amma ya ɗauke ta kamar abokiyar aiki a tasha ta gaba. In saƙonta ya zo, sai ya tara masu shaguna bayan la'asar ya karanta da Turancinsa na reluwe yana fassarawa. Kwatsam ta rubuto cewa ta bar aiki. Ba a jima ba injiniyan da ke turo wa kwamfutoci aiki shi ma ya tafi. Ba a ce ga wanda ya maye gurbinsu ba. Aiki ya daina zuwa, aka rataya jar tuta. Kawu ya fusata irin fushin da ban san yana da shi ba. Yana ta zagaye tsakar gida yana cewa, "Ta bar tasha ba kowa! Mace mai ilimi haka, ta bar tasha ba kowa!" Duk da haka bai yarda a kashe ba. Kwamfutoci na kunne suna jira, Iya na kallonsa tana ƙwafa.

A cikin wannan halin ne ya zo Gashua, na raka shi gidan Alhaji. Aka kawo shayi. Alhaji ya ce shi fa ya sallami mutanensa, sun kashe.

Kawu ya ce, "Da izinin wa?"

"Malam, waɗanda suka kafa abin sun watse. Mu da muke bayansu me muke jira?"

"Don direba ya sauka ba shi ke nan an soke jirgi ba. Wani zai hau."

Alhaji mutum ne mai kaifin baki, kuma ya gaji. Ya ce, "Jirgin naka ma yaushe rabon da ka ji kukansa a Nguru? Kai dai ka saba da jiran abin da ba ya zuwa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ajiye kofin, ko kurɓa bai yi ba, ya sa takalmi ya fita. Abota ce tun ta samartaka, amma daga ranar ba su sake zama tabarma ɗaya ba. Sai dai gaisuwar Sallah ta bakin wani.

Bayan wani lokaci aka sanar da cewa an naɗa sabon mutum, kuma zai gana da 'yan sa kai ta bidiyo. Na taho daga Gashua don in haɗa masa. Kawu ya yi wanka, ya sa farar shadda da hula kamar mai zuwa Idi. Ni na ɗauka faɗa ya shirya, har ina cewa ya yi a hankali. Aka buɗe, sai ga wani saurayi siriri da tabarau. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka yi masa ca. Wannan ya ce an raina su, wancan ya ce ya cire abin daga kwamfutarsa. Bawan Allah nan sai haƙuri yake bayarwa. Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta har aka ba shi dama.

Ya ce da shi cikin Turanci, "Ɗana, wa ya miƙa maka aikin nan?"

Saurayin ya ce gaskiya ba kowa. Tallafin da ke riƙe da waɗancan biyun ne ya ƙare, aka sallame su kafin a ɗauke shi. Shi da kansa yake lalube.

Kawu ya ce, "To kai ne ba a kyauta wa ba." Ya ba shi labarin ranar da aka fara tura shi wata ƙaramar tasha a daji, ya tarar wanda zai karɓa a hannunsa ya riga ya tafi, ga jirgi na tafe, shi ko inda ake ajiye kananzir ɗin fitila bai sani ba. Ya ce, "Na san abin da kake ji a cikinka. Mu nan Nguru ba mu kashe ba. In ka gano inda kananzir yake, turo aiki." Saurayin ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Bayan Kawu ba wanda ya sake ɗaga masa murya.

Da aka rufe, Kawu ya ce, "Ashe likitar nan ba tafiya ta yi ba, tafiyar da ita aka yi. Na ɗauki alhakinta, Allah ya yafe mini." Sannan ya nuna ni da yatsa. "Kin dai ga abin da rashin miƙawa ke jawowa." Ba a yi mako ba aiki ya dawo, koriya ta koma ƙusa. Na ce ya kira Alhaji ya gaya masa. Ya ce Alhaji yana da ido.

Shi ya sa da ciwo ya kwantar da shi ban yi wata-wata ba. Na zo na zauna a gefen gadonsa na ce, "Kawu, ba ni tutar." Ya girgiza kai. "Kina Gashua, ga aji a gabanki. Ba a riƙe tasha ta waya." Wallahi na ji haushi, har hawaye suka zo mini. Ni na kawo abin, ni nake gyara in ya lalace, ni ce 'yar wanda tsargiya ta kashe. Na ce, "To wa za ka ba? Masu shago kowa da shagonsa, Yaya yana Damaturu." Ya ce, "Mai karɓa zai zo." Ranar Lahadi na koma saboda jarrabawar ɗalibai. Talata aka kira ni.

Kwanakin zaman makokin nan ban san me na ci ba. Na tambayi masu shaguna ɗaya ɗaya, kowa ya ce shi ba a ba shi ba. Na duba ƙarƙashin katifar Kawu, na duba akwatinsa, na duba bayan batura. Babu. Iya kuwa tana ƙuryar ɗakinta ta shiga takaba, carbi a hannu, ba ta cewa komai sai amsa gaisuwa. Ban ko yi tunanin in dame ta da zancen abin da ta tsana ba. Rana ta biyu da azahar wata gwaggonmu ta yanke jiki ta faɗi saboda zafi, aka yi ta yi mata fifita ana neman ruwan sanyi a maƙwabta. Yaya ya bi ta gabana, kallona kawai ya yi. Kuma gaskiyarsa ce, wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Alhaji ma ya zo daga Gashua. Ya zauna a ƙarshen tabarma, bakin nan mai kaifi ya mutu. Da na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "'Yata, kullum cewa nake gobe zan je in same shi."

Ranar uku aka yi addu'a da safe, aka shafa. Mutane ba su gama watsewa ba a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Masu shaguna suka matso. Yaya ya sa aka kira ni, na tsaya daga bakin labulen da ya raba zaure da cikin gida. Ya miƙe a gaban dattawa ya ce, "Jama'a, kun san al'adar mahaifinmu. Ina tambaya a gabanku don kada a ce na yi gaban kaina. Akwai wanda ya miƙa wa tutar ɗakin nan?"

Ba abin da ake ji sai gunjin kwamfutoci da injin motar da ba a kashe ba. Zuciyata ta ce, ki ce ke ce mana, wa zai ƙaryata ki? Har na buɗe baki. Sai na tuna yatsun nan nasa da ba sa sakin sandar tuta sai sun ji gaskiya, na rufe. Yaya ya juya ya ce wa direba ya ja da baya zuwa ƙofa.

"Kai, dakata."

Daga bayana muryar ta fito. Iya ce, lulluɓe, ta tsaya a bayan labule inda maza ba sa ganinta. Ta ce, "Tana wurina."

Yaya ya ce, "Iya, ajiya ya ba ki?"

"Ba ajiya ba. Karɓa na yi."

"Iya! Ke da kika fi kowa..."

"Har yanzu ba son su nake ba. Ko inda ake kunna su ban sani ba. Amma tsaya ka ji." Ta ja numfashi. "Tun ranar da 'yar nan ta koma ya ce a ciro masa ita. Ya riƙe ta a ƙirji, ko alwala zan yi masa sai dai ya sauya hannu. Ba ya ci, ba ya runtsawa. Duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago kai ya ce wa ya zo. In na faɗa masa sai ya mayar da kai. Numfashi yana yi masa wuya, ina ji ina gani, idonsa na kan ƙofa. Ran Talata da safe na ce, Malam, wa kake jira haka? Ya ce mai karɓa. Na duba ɗakin, daga ni sai shi."

Ta ci gaba da cewa:

"Sai na kama sandar. Ya ƙi saki. Ya dube ni ya ce, faɗa da bakinki. Na ce, na karɓa, Malam, huta. Yatsunsa suka buɗe. Ya yi kalmar shahada, bai sake kallon ƙofa ba. Na san ajali ba ya jiran tuta, lokacinsa ne ya yi. Amma na faɗa, ya ji, Allah ya ji. Ba zan yi wa mutum ƙarya a bakin mutuwarsa ba."

Yaya ya share fuska da hannun riga. A hankali ya ce, "To firjinki fa, Iya? Don ke nake yi."

"Na sani, Allah ya yi maka albarka. Ina takaba, ƙanƙarar wa zan sayar? Ba kasuwa, ba biki, ba unguwa. Duk gidan nan akwai wanda ya kai ni zama wuri ɗaya yanzu?"

Ta zaro tutar daga cikin mayafinta, ta miƙo ta gefen labule. Ta yamutse, sandar ta yi duhu wurin da hannunsa ke kamawa. Maza suka tsaya suna kallon juna. Alhaji ne ya dafa bango ya miƙe, ya tako ya sa hannu biyu. Iya ba ta saki ba. Ta ce, "Wane ne?" Ya ce shi ne. Ta ce, "Alhaji, ba miƙa maka na yi ba. Rataya mini kawai." Ya ce, "Na ji, Hajiya." Ya je ya rataya ta a ƙusa, ya tsaya a wurin ya kifa goshi a jikin ƙofa. Yaya ya fita ya ba direba haƙuri. Wanda ya tambaye ni ranar farko ya dubi 'yan'uwansa, suka kama hanyar shagunansu ba tare da sun sake tambayar kowa ba.

Da yamma Iya ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ke, daina wannan kukan ki saurare ni. Takaba ƙarewa take. Ni ba zan mutu da abin nan a ƙirji ina kallon ƙofa ba. In kina so, ki zo ki tsaya a gabana da ƙafafunki." Na nemi a mayar da ni wata makaranta a Nguru, har yanzu ba a amsa ba. Kafin nan duk ƙarshen mako ina hanya, in duba abin da ya lalace. Alhaji bai kunna nasa ba tukuna, amma yana kira yana tambaya wace tuta ce a ƙusa. Sabon magani kuma ba a samu ba. In an tambayi Iya, ita ma yanzu cewa take, "Ba tukuna."

Kowace safiya, kafin mutane su fara wucewa, takan fito zaure ta kara kunne a ƙofar ɗakin. In ta ji gunji ta bar koriya. In ta ji shiru ta sauya ja, ta sa a kira ni, ta fara da faɗa kafin gaisuwa. Da la'asar kuma, in batir ya fara ja baya, da hannunta take zare firjin.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci fiye da yadda ya bar wa kansa sanyi a duniya. Ka sa abin da ƙarafan nan ke lissafawa ya zama sadaka mai bin sa, ko a zamaninmu aka samu maganin ko a zamanin jikokinmu. Ka haɗa shi da mahaifina a inda ba ciwo. Mu dai shaida ne, har ya tafi bai bar tasha ba mutum ba.